Kwallin jariri: dalma muke zuba wa 'ya'yanmu a ido

Makon jiya na shiga barka gidan wata 'yar'uwa. An gama yi wa jariri wanka ke nan, kakarsa ta ɗora shi a cinya, ta zaro tsinke daga tandu, ta rangaɗa masa kwalli har ya zubo gefen ido. Ba a jima ba yaro ya murza ido, hannun nan kuma ya zarce baki. Na ce, "Inna, da an haƙura da kwallin nan." Ta harare ni: "Ku 'yan boko! Da shi aka raine ku, wa ya makance?"

Ai ba makanta ake gudu ba. Matsalar ita ce mun gaji sunayen kayan nan, amma ba mu taɓa tambayar mene ne a cikinsu ba. Malaman alkimiyya na da, irin su Jabir ɗan Hayyan, sun ɗauka daga zaiba da farar wuta ake samun duk wani ƙarfe. Yau an tantance su ɗaya bayan ɗaya: zaiba ita ce makuri, guba ce mai taɓa jijiya da ƙoda, farar wuta salfa ce, kanwarmu ta miya gishirin sodiyam ce. Shi kuwa dutsen nan mai ƙyalƙyali da ake niƙawa a yi kwalli, sunansa galina, haɗin dalma ne da salfa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyinsa dalma ce zalla.

Wani zai ce ai ismidi ne, sunna ne. Ismidin da littattafai ke nufi dutsen antimoni ne. Shi da galina sun yi kama, duk toka-toka ne masu sheƙi, mai sayarwa a kasuwa ma ba zai iya raba maka su ba. Kai da ka saya a ƙulle cikin leda fa?

A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun gano dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya. Da aka bi sawu, sai ga shi kwallin da ake sa masa ne. Aka auna kwallin, dalma kashi 82.6 cikin 100. Mu kuwa da muka ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara kusan 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, wane uzuri ya rage mana? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Ƙwaƙwalwar yaro dalma take ci a hankali, ba zazzaɓi ba kuka, sai ya shiga makaranta a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne.

Don Allah a raba jarirai da kwallin dutse, a ido ne ko a gira. Masu barbaɗa shi a cibiya don ta warke da wuri, wannan ya fi muni, ɗanyen rauni ne ake cusa wa guba. Mai ciki da mai shayarwa su ma su ajiye tandu, domin dalma na ratsawa zuwa ga ɗa. Kada a niƙa kwalli a dutsen da ake niƙa kayan miya. Yaron da aka daɗe ana yi masa, a kai shi asibiti a nemi gwajin dalma a jini, a tafi da tandun a nuna wa likita.