Siririn ruwan da ke cikin bututun firji

Aikin firji da na'urar sanyaya ɗaki shi ne kwashe zafi daga ciki a zubar waje. Wurin zubarwar kuwa shi ne lanƙwasasshen bututun nan da masu gyara ke kira kwandensa: gas ya shiga yana tururi, ya fita yana ruwa.

Da tururin ya taɓa bangon bututu sai ya yi raɓa, raɓar ta haɗu ta lulluɓe ƙarfen. Duk zafin da ya saura dole ya ratsa wannan ruwa kafin ya fita. Tun 1916 Bajamushe Wilhelm Nusselt ya yi lissafin abin: iya kaurin ruwan, iya wuyar fitar zafi. In tururi na gudu da ƙarfi, yakan shafe ruwan ya yi siriri kewaye da bango. In gudun ya ragu, sai ruwan ya kwanta a ƙasan bututu, wannan ɓangaren ya kusa zama ɗan kallo.

Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka fara sallamar gas ɗin sanyaya R-12, daga baya R-22, saboda suna cinye rufin ozon. Gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 ya taɓo magadansu irin su R-134a da R-410A, masu ɗumama duniya. To, kowane sabon gas da halinsa a cikin bututu.

R-290, wato furofen, ruwansa ya fi na R-22 saurin miƙa zafi, amma yana kama wuta. Shi ya sa ake rage yawansa, a tsuke bututu har zuwa milimita 5, a yi masa ƙananan tsagogi daga ciki. R-407C kuwa haɗin gas uku ne da ba sa komawa ruwa tare. Mai jinkirin yakan taru kusa da ruwan ya tare hanya, fitar zafi ta ragu.

Mu a nan akwai ƙarin matsala. R-410A ba ya komawa ruwa in ya haura kimanin digiri 71, alhali R-22 na kaiwa 96. A zafin Afrilu na Kano ko Damagaram, inda iska kanta ke wuce digiri 40, ƙarfin R-410A ya fi saurin raguwa.

Saboda haka ɗura kowane gas da ya zo hannu ganganci ne, ko da ya fi araha. Kafin mai gyara ya ɗura, a duba lambar gas da ke rubuce a jikin na'urar.