Daga Amanar Fatoma zuwa Rajistar Kamfani

Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake kan tashi daga Kano ya ratsa Zariya da ƙasar Birnin Gwari, ya ƙetare Kwara, har ya dangana da Salaga a ƙasar Gwanja domin sayen goro. A wancan zamani falke ba ya buƙatar takarda. Da ya isa zango sai ya sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo dillali, ya kuma tsaya masa a gaban sarki. Wato amana ce lasisinsa.

Wannan tsari ya gamu da cikas a Nuwamban 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Hausawa da dama sun baro shaguna da gidaje, domin shaidar fatoma ba ta da ƙarfi a gaban sabuwar doka.

Abin da ya maye gurbin fatoma a yau shi ne kamfani mai rajista. A idon shari'a kamfani mutum ne mai cin gashin kansa: yana mallakar dukiya, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kuma kai ƙararsa. To amma kowace ƙasa da nata sharuɗɗa. Dokar kamfanoni ta Ghana ta 2019 ta ce lalle a sami daraktoci biyu, ɗaya mazaunin ƙasar.

Bugu da ƙari, takardar rajista ba izinin kowace sana'a ba ce. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta ɗora wa baƙon da zai yi saye da sayarwa jarin dala miliyan 1 da ɗaukar 'yan ƙasa 20 aiki, ta kuma keɓe kasa kaya a kasuwa ga 'yan ƙasa. A kan haka aka rufe shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi a 2019, duk da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 wadda ta yi alkawarin 'yancin shiga da zama da kafa sana'a.

Saboda haka, wajibi ne ɗan kasuwa ya binciki abu uku kafin ya fitar da sisinsa: dokar kamfanoni, da dokar zuba jari, da izinin zama. Wanda ya cika ɗaya ya bar biyu, to, jarinsa na hannun ranar da hukuma ta ga dama.