Yadda Yahudawa Suka Riƙe Karatunsu A Ƙasashen Baƙunci

Duk wanda ya bar gida ya zo neman abinci Legas ko Ibadan ko Shagamu ya san abin da ya fara suɓuce wa baƙo, watau karatu. Mutumin da a garinsu ba ya fashin zama a zauren malami bayan Asuba, in ya zo Kudu sai kasuwa ta cinye safiyarsa, gajiya ta cinye darensa. Bafataken da ya ɗoro shanu daga kasuwar Iware, kusa da Jalingo, yakan yi kwanaki a bisa hanya, ina ya ga sukunin buɗe littafi?

Akwai wata al'umma da ta daɗe tana fama da wannan matsala, su ne Yahudawa. Tun da Rumawa suka rushe babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, yawancinsu zaman baƙunci suka yi ta yi a ƙasashen wasu. Dabarar da suka yi wa karatunsu abin dubawa ce ga kowane baƙo, ko da addini bai zo ɗaya ba.

Ba Su Yi Nisa Da Ƙasar Hausa Ba

Yahudawa sun zauna a ɗaya bakin hanyar fataken da ke ratsa Sahara. A Tamantit, cikin yankin Tuwat na ƙasar Aljeriya ta yanzu, suna da unguwa da majami'a, har zuwa wajen 1492 lokacin da Shehu Magili ya sa aka rushe ta. Shi ne malamin da ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Wajen 1860 kuma wani malaminsu ɗan kasuwa, Mordekai Abi Serur, mutumin Akka ta ƙasar Maroko, ya sauka Tambutu, ya yi ta janyo danginsa har suka kafa jam'in ibada. A yau ma akwai wasu daga cikin ƙabilar Ibo masu bin wannan addini, suna da majami'u a Abuja da Fatakwal da wasu garuruwan Gabas.

Rabon Kowace Rana

Tushen karatunsu shi ne Attaura, wadda suka kasa kashi 54. Kowane mako da nasa kashin, ana karanta shi a majami'a ran Asabar, ana kuma ɗan ɗiba daga ciki ran Litinin da Alhamis, a sauke a shekara guda. Wanda ya san yadda ake bin izu sittin ba zai sha wuyar gane wannan ba.

To, amma ɗan kasuwa yana bukatar abin da zai riƙa kowace safiya. Saboda haka a 1740 aka buga wani littafi a Masar mai suna Hok Le-Yisra'el, wanda ya yanka wa kowace rana rabonta: 'yan ayoyi daga Attaura, kaɗan daga littattafan annabawa, kaɗan daga irin su Zabura da Karin Magana, sa'an nan guntun bayani daga Mishna da Talmud da Zohar. Daga baya wani malami haifaffen Ƙudus, Hayim Azulai, wanda ya rasu a 1806, ya ƙara abu biyu, hukunci da wa'azi. Ana karanta rabon ranar da zarar an idar da addu'ar safe, kafin kowa ya nufi sana'arsa. Littafin ya karɓu ƙwarai wurin Yahudawan Arewacin Afirka da na ƙasashen Larabawa.

Hukunce-hukuncen sun shafi abin da mutum ke yi kullum. Suna da addu'a uku a yini, ta safe da ta la'asar da ta dare, ana fuskantar Ƙudus. Kalmar kaɗaita Allah da suke kira Shema tana da lokaci, ta safe ba ta wuce rubu'in farko na yini. Wasu addu'o'in ba sa yiwuwa sai baligai goma sun taru, shi ya sa Abi Serur ya matsa sai da danginsa suka biyo shi Tambutu. Madogararsu a nan ita ce Shulhan Aruk ta Yusuf Karo, wadda aka buga a 1565, da kuma littafin Musa ɗan Maimun, likitan nan haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204.

Wa'azin kuwa gyaran hali ne: gaskiya a ciniki, haƙƙin maƙwabci, tsare harshe. A 1873 wani malami, Isra'ila Meir Kagan, ya wallafa littafi sukutum a kan haramcin giba da annamimanci, wanda yanzu aka yanka shi ƙanana ana karantawa kullum.

Warƙa Ɗaya A Yini

Tsarin da ya fi shahara shi ne Daf Yomi, watau warƙar yini. Wani malami daga Folan, Meir Shapiro, ya kawo shawararsa a wani babban taro a Biyana a 1923. Talmud tana da warƙa 2,711, ya ce kowa ya karanta ɗaya, gaba da baya, kowace rana, a gama cikin shekara bakwai da wata biyar. Hikimarsa ita ce matafiyi duk garin da ya sauka zai tarar warƙar da ya baro ake kai, sai ya zauna a ci gaba da shi.

Ko yaƙin Hitila, wanda ya hallaka Yahudawa miliyan shida, bai tsinke wannan lissafi ba. A 1945 aka yi sauka ta uku, har a wani sansanin 'yan gudun hijira a Jamus. Ran 1 ga Janairu 2020 aka yi ta goma sha uku, inda mutum wajen 90,000 suka cika wani filin wasa a New Jersey ta Amurka cikin tsananin sanyi. Da yawansu ba malamai ba ne, 'yan kasuwa ne da likitoci da ma'aikata, waɗanda ke karatu da asuba, ko a cikin jirgin ƙasa, ko ta wayar salula.

Abin Lura Ga Baƙo

Sirrin abin uku ne: rabo kaɗan wanda mai aiki zai iya ɗauka, lokaci tsayayye da ba a taɓawa, da abokan karatu waɗanda za su yi cigiyar wanda bai zo ba. Mutanen Sabo da Agege da Idi-Araba ba su rasa littattafai ba, ga Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ga kuma malamai a kowane zango. Abin da ya rage shi ne a yanka wa kowace rana rabonta, a kuma tsare shi ko ran cin kasuwa. Masu iya magana dai sun ce da yayyafi kogi kan cika.