Abdullahi Njai, tsohon sojan da ya shekara 104

A Affala da ƙauyukan da ke kewaye da ita akwai gidajen da in ana hira da dare sai a ji an ce, kakanmu ya yi sojan Faransa. A irin wannan gida akan tarar da wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗaki. In an buɗe shi sai a ga ɗan littafi wanda takardunsa sunka yi ja, da lambar girma mai tsohon ƙyalle, wani lokaci har da hoton saurayi sanye da jar dara. Mafi yawan masu akwatunan nan sun rasu. Da yawa sun tafi da labarinsu, ba wanda ya rubuta shi.

Akwai ɗaya daga cikin irin mutanen nan wanda anka samu rubuta labarinsa tun yana da rai. Ba Ba'adare ba ne, mutumin ƙasar Sanagal ne. Amma manoma da makiyayan Adar za su gane shi, domin abin da ya same shi ya samu iyayensu.

Sunansa Abdullahi Njai. A takardun Faransa an rubuta shi Abdoulaye N'Diaye. An haife shi a 1894 a wani ƙauye da ake kira Thiowor, cikin yankin Luga, a arewacin Sanagal. Ƙasa ce ta rairayi, ruwan sama bai cika yawa ba, ana noman hatsi da gujiya.

Yadda ya shiga soja

A zamanin nan Nasara ba su roƙon kowa. Kumandan yakan aika wa sarki cewa samari kaza ake so. Sarki ya raba wa masu gari, kowane gari ya kawo nasa. Mai hali yakan ɓoye ɗansa, ya tura ɗan talaka ko ɗan baransa. Wanda ya ji labari da wuri sai ya gudu. Mutanen Adar da na Ƙonni sun san wannan gudu, domin iyakar ƙasar Ingilishi ba ta da nisa, kuma dangi suna can.

To, haka ta faru a gidan su Abdullahi. Bisa ga abin da ya faɗa wa wani ɗan jaridar Faransa a 1998, wani ɗan'uwansa ne anka nema, shi kuwa ya tsere. Sai Nasara sunka kama wani babba daga cikin iyayensu, sunka kulle shi, sunka ce ba za a sake shi ba sai gidan ya kawo saurayi. Abdullahi yana da shekara wajen 20. Ya tashi ya miƙa kansa, anka saki dattijon.

A littafin Nasara wannan mai sa kai ne. Gaskiya ne, shi ya kai kansa. Amma ba don son Faransa ba, bai ma san inda take ba. Ya je ne don kada tsoho ya ci gaba da kwana a kurkuku.

Rundunar da anka sa shi ciki sunanta Tirayer na Sanagal. An kafa ta tun 1857. Sunan yana ruɗar mutane, domin ba ƴan Sanagal kaɗai ke cikinta ba. Da Bambara, da Mosi, da Bazabarme, da Bahaushe, duk wanda anka ɗauko daga ƙasashen baƙar fata da Faransa ke mulki, sunan ke nan da ake kiransa. A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, an ɗebi mutum wajen 200,000 daga waɗannan ƙasashe. Wajen 30,000 ba su komo ba.

Abdullahi ya sha wuta tun farkon yaƙin. A 1914 anka ji masa rauni a ƙasar Beljik. Da ya warke, a 1915 anka sa su jirgin ruwa zuwa mashigin Dardanel, a ƙasar Turkiyya. A 1916 yana bakin kogin Som, a arewacin Faransa, inda anka yi ɗaya daga cikin faɗace-faɗace mafi muni na yaƙin. Nan harsashi ya same shi a ka, ya yi watanni yana kwance a asibiti.

Yaƙin nan ba irin na dawaki da masu ba ne da tsofaffi ke faɗi. Sojoji suna gina dogayen ramu, su zauna ciki wata da watanni, cikin taɓo da ƙwarƙwata, igwa tana zubo musu wuta dare da rana. Ga sanyi wanda ɗarin Adar bai kai ko rabinsa ba, har yatsun ƙafa su mutu a yanke su. Saboda haka ne in ɗari ya kama akan janye baƙaƙen sojoji zuwa kudancin Faransa, wajen garin Frejus, su jira zafi ya dawo a sake tura su.

Shekara 80 a gida

Yaƙi ya ƙare ran 11 ga Nuwamba 1918. Anka mayar da Abdullahi gida. Ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa abin da doka ta ba shi. Ya ajiye kayan soja, ya ɗauki kayan noma.

Shekarunsa na yaƙi ba su kai 5 ba, kuma su ne anka fi rubutawa. Sauran shekara 80 a ƙauyensu ya yi su, cikin iyalinsa, yana noma, har ƙarfi ya ƙare, ɗiya da jikoki sunka karɓa. Takardun gwamnati ba su ƙidaya daminar da mutum ya ciyar da gida ba, ko shekarar yunwa da ya hana iyali watsewa. Duk maigida ya san wannan ma aiki ne, kuma ba a ba da lamba a kansa.

Sai a 1949 ya ji cewa yana da hakkin kuɗi iri biyu, na tsohon soja da na raunin da ya ji. Wa ya gaya masa? Ba kumandan ba, ba sarki ba. Samarin da sunka komo daga yaƙin duniya na biyu ne sunka ba shi labari. Mai karatu ya lissafa: daga 1918 zuwa 1949 shekara 31 ke nan. Hakkin yana rubuce cikin doka, mai hakkin yana gona bai sani ba.

Bai daɗe yana karɓa ba wata matsala ta zo. A Disamba 1959, ana gab da ba ƙasashen Afirka mulkin kai, majalisar Faransa ta yi doka wadda ta tsayar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen nan wuri ɗaya. Na Bafaranshe yana hawa shekara-shekara, na baƙin mutum yana nan inda yake. Kamar a ce mutum biyu sun yi ƙodago a gona ɗaya, ɗaya ana ƙara masa lada duk lokacin da hatsi ya yi tsada, ɗayan kuwa ana biyansa da farashin shekarun da sunka wuce. Ga shi kuwa a cikin rami harsashi bai tambayi kowa ƙasarsu ba.

Wani tsohon saje na Sanagal, Amadu Jop, ya kai ƙara kotun Faransa. Babbar kotun ta ba shi gaskiya ran 30 ga Nuwamba 2001, amma shi ya riga ya rasu tun 1996. A 2007 Faransa ta daidaita wani kashi na kuɗin, a 2011 ta daidaita sauran. Duk da haka a lokacin wani ɓangare na gyaran ba ya zuwa da kansa, sai an rubuta takardar nema. Tsohon da ke ƙauye, ba ya karatu, ba shi da mai karanta masa, yaya zai yi?

Abdullahi bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. A 1998, da yaƙi ya cika shekara 80 da ƙarewa, gwamnatin Faransa ta ce za ta ba duk sojan wannan yaƙi da ya rage babbar lambar girmanta. Anka bincika, anka tarar cikin tirayer na yaƙin farko shi kaɗai anka sani yana da rai. Anka sa rana, 11 ga Nuwamba, jakadan Faransa zai zo ƙauyen da kansa. Ran 10 ga wata, ana shirin taron gobe, Allah ya karɓi ransa. Yana da shekara 104.

Na Adar

Bayan yaƙin farko ɗaukar soja ba ta tsaya ba. Dokar 1919 ta sa aikin sojan dole na shekara 3 a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Likita ya duba samari, a yi ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya tafi. Ga kuma aikin dole na gina hanya da ɗaukar kaya, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Ta haka samarin Nijar sunka shiga yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945. Daga baya wasu sun je Indoshin, inda anka yi yaƙi daga 1946 zuwa 1954, wasu Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962. Shi kansa marigayi Seyni Kunce, wanda ya riƙe ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987, ya yi Indoshin da Aljeriya cikin sojan Faransa.

Maganar kuɗi ta taɓa jawo jini. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, tirayer da sunka fito daga hannun Jamus sun nemi a biya su kuɗinsu kafin a sallame su. Anka buɗe musu wuta. Sojan Faransa ya ce mutum 35 sunka mutu, masu binciken tarihi da dama sun ce sun fi haka nesa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda cewa kisan gilla ne.

Yau Adarawa sun saba da tafiya bida, zuwa Abijan, Libiya, Najeriya, Kamaru. Tun kafin wannan, sojojin nan sun ƙetare teku. Sun komo da ɗan Faransanci, sun san agogo, sun san layi, sun san yadda ake tsayawa gaban mai ofis ba tare da rawar jiki ba. Don haka gari yakan sa su gaba. In baƙon gwamnati ya zo, su ne tafinta. In za a yi gayyar yashe rijiya ko gyaran hanya, muryarsu ce ke tada samari. Zamanin da samariya ke gina azuzuwan lakwal, da shekarun fari na 1973 da 1984 da ake rabon taimako, irinsu ne gari ke nema su tsayar da layi. Mafi yawan wannan aiki ba a biyan ko tamma.

Ba duka ne sunka komo lafiya ba, wannan ma a faɗe shi. Wani ya komo da ƙafa ɗaya. Wani ya komo da zafin rai, yara suna gudunsa. Wani in ya ji tsawa sai ya kwanta ƙasa, mutane suna dariya don ba su san abin da ya gani ba. Matansu su sunka san nauyin. Su sunka riƙe gida shekara 3 ko fiye, ba wasiƙa, ba labari, su kuma sunka yi jinya bayan an komo.

Lissafi ba shi da wuya. Wanda ke da shekara 20 a 1944 ya cika 100 a 2024. Wanda ke da 20 a 1962 ya wuce 80. Waɗanda sunka rage ƴan kaɗan ne, sai matansu, su ma sun tsufa.

Abin da mai karatu zai iya yi

Jarida ba ta yi wa kowa alkawarin kuɗi ba. Wanda ya zo gida ya ce a ba shi takardun tsoho da ƴan kuɗi zai karɓo miliyoyi daga Faransa, a yi hattara da shi. Takarda ta asali ba ta barin gida. In ofis ya nema, a yi mata hoto a kai, ko maigida ya tafi da ita da kansa ya komo da ita.

A fitar da akwatin kafin damina. A duba ko gara ta shiga. A naɗe takardu cikin leda, a ɗaga su daga ƙasa, nesa da inda ɗaki ke yoyo. Mai salula ya ɗauki hoton kowane shafi.

Littafin soja da Faransanci yake, amma wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya karanta suna, da shekara, da lambar soja. Wannan lamba ita ce mafi amfani. A garin Pau na Faransa akwai ma'ajiyar takardun sojoji, kuma da suna da lamba ake neman mutum. A kwafe su cikin littafi. Abin da ya gagara a kai wa malamin lakwal ko ɗan makaranta ya fassara.

Sa'an nan a zauna da tsohon in yana da rai, ko matarsa, ko ƙanensa. A tambaye shi wa ke sarauta lokacin da anka ɗauke shi, su wa sunka tafi tare, ta wace hanya, wa ya komo, wa bai komo ba, wa ya noma gonarsa bayansa. A rubuta da Hausa yadda ya faɗa, kada a gyara masa magana. Tsoho yakan gaji, kada a matsa masa ya ƙare rana ɗaya. In ya kai wani wuri ya yi shiru, a ƙyale shi, gobe a komo.

Rani ne lokacin wannan aiki, tun da an ɗebe amfanin gona, azuzuwan karatu kuma suna buɗe. Wanda ya rubuta ya kai wa malamin ajinsu su karanta tare, a gyara rubutun, gida ya riƙe kwafi ɗaya cikin akwatin. Tsohuwar da ba ta son magana gaban maza, a tura mata jikanyarta da littafi da fensir.