Abin da Ya Sa Awon Masana'anta Yake Farawa Daga 4

A manyan masana'antu irin su matatar mai, ma'aikacin da ke ɗakin kula da injuna ba ya ganin cikin tanki da idonsa. Abin da yake dogara a kai shi ne saƙon da na'urar awo take aiko masa ta waya. Saƙon nan kuwa kwararar lantarki ce, wadda take hawa tana sauka daidai da abin da ake aunawa. An zaɓi kwarara ne domin komai tsawon waya, abin da ya shiga ta wannan baki shi ne zai fita ta wancan.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi yana tsakanin miliamfiya 4 da 20. Idan tanki ba komai, sai a ga 4. Idan ya kai rabi, 12. Idan ya cika, 20. To, mai karatu zai ce, me ya hana a fara daga sifiri? Dalili shi ne, da an yi haka, tankin da ya ƙare da wayar da ɓera ya tsinke duk abu guda za su nuna. Amma tun da 4 ce ƙasa, da zarar an ga sifiri an san waya ce ta yanke. Ƙa'idar NE 43 ta ƙungiyar NAMUR ta ƙasar Jamus ta ƙara da cewa na'urar da ta gano lalacewar kanta ta sauke kwararar zuwa 3.6 ko ƙasa, ko kuma ta ɗaga ta zuwa 21 ko sama.

Haka nan ake haɗa wayar ƙararrawa. Ana barin wuta tana bi ta cikinta a lokacin da komai yake lafiya, yankewarta ce take tayar da ƙararrawa ta kuma sa bawul ya rufe. Ta haka tsinkewar waya kanta ba ta wucewa shiru. Wannan yakan tsayar da aiki a banza wani lokaci, amma gara asarar yini da asarar rai.

Sai dai dabarar tana da iyaka. A daren 11 ga Disamba 2005, a ma'ajiyar mai ta Buncefield da ke Ingila, na'urar awon wani tanki ta maƙale tana nuna lamba guda alhali fetur yana ta shiga. Makunnin da aka tanada don ya tsayar da cikawar bai yi aiki ba, saboda ba a sa kwaɗon da zai riƙe hannunsa a wurin aiki ba. Fetur ya malalo, tururinsa ya kama wuta, mutane fiye da 40 suka jikkata.

Waya takan tona asirin yankewarta, amma ba ta tona na na'urar da ta maƙale. Don haka wajibi ne kariya ta biyu ta kasance da na'urarta da wayarta dabam, a kuma riƙa gwada ta a kai a kai.