Idan Ƙunshin Manhaja Ya Ƙi Girkuwa

A watan Satumba na shekarar 2021 aka datse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, bayan an yi haka a Zamfara da wani sashe na Katsina, a wani yunƙuri na karya lagon 'yan bindiga. Sabon Birni da Isa suna cikin wuraren da abin ya shafa, don haka garuruwa irin su Burkusuma suka wayi gari ba kira, ba saƙo, ba intanet. An yi ta maganar wahalar da 'yan kasuwa da masu aika kuɗi suka sha, amma akwai wani wanda irin wannan hali yake ɗaure wa hannu ba tare da an lura da shi ba, wato ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya zo hutu gida daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aikin kammala karatunsa a jaka. Kwamfutarsa lafiya lau take, ya kuma sami inda zai yi caji, amma da zarar aikin ya nemi ƙunshi guda wanda ba ya cikin na'urar, to sai komai ya tsaya cik.

Dalili kuwa shi ne, a zamanin nan babu mai rubuta manhaja tun daga tushe har sama shi kaɗai. Kamar yadda magini ba ya ƙera ƙusa ko ƙyaure da kansa, haka mai tsara manhaja yake ɗauko ɓangarorin da wasu suka riga suka rubuta, ya harhaɗa su da nasa. Kowane ɓangare irin wannan shi ake kira ƙunshi. Masu aiki da harshen Python suna da babban rumbu mai suna PyPI, wanda ƙunsoshin cikinsa suka haura 500,000 a shekarar 2024, kuma ɗan aiken da ke ɗauko musu kaya daga can shi ne pip. Masu harshen JavaScript nasu rumbun npm ne, mai ƙunsoshi fiye da miliyan 2. Kusan kowane ƙunshi ya dogara da wasu, su ma sun dogara da wasu, ta yadda umarni ɗaya tak yana iya jawo ƙunsoshi hamsin ko ɗari a bayansa.

Misalin da masana suka fi kawowa game da haɗarin wannan sarƙa ya faru ne ranar 22 ga Maris, 2016. Wani mai tsara manhaja, Azer Koçulu, ya sami saɓani da kamfanin Kik a kan sunan ɗaya daga cikin ƙunsoshinsa, da masu kula da npm suka goyi bayan kamfanin sai ya fusata ya kwashe kayansa sama da 250 daga rumbun. A cikinsu akwai wani ɗan mitsitsi mai suna left-pad, layi 11 kacal, wanda aikinsa cike gurbi ne a gefen hagu na rubutu. Ashe manyan ayyuka irin su Babel da React suna rataye da shi ta bayan fage. Cikin 'yan mintoci gini ya fara rushewa a dubban kwamfutoci a faɗin duniya, har sai da npm ta mai da ƙunshin da kanta, daga baya kuma ta taƙaita ikon masu ƙunshi na janye abin da suka wallafa. Abin da ya sami duniya na sa'o'i kaɗan a ranar, shi ne ya sami mai aiki a gabashin Sakkwato na tsawon makonni.

Matakai uku

Umarnin girka ƙunshi yana kama da abu guda, amma ayyuka uku ne a jere: ɗauko kaya daga rumbu, daidaita sigoginsu don kada su yi karo da juna, sa'an nan gina su a cikin na'ura. Duk wanda ya iya gano a wane mataki aikin ya tsaya, ya ci rabin wahalar. Saƙon kuskure shi ne ke faɗin haka, sai dai yawancin masu koyo da sun ga jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta sai gabansu ya faɗi, su sake buga umarnin sau biyar, ko su goge komai su faro daga farko. Wannan ɓata lokaci ne da ɓata kuɗin data. Karanta saƙon yana da ƙa'ida. Idan shirin Python ne ya faɗi, layin ƙarshe shi ne ainihin ƙorafin, na samansa kuwa hanyar da aka biyo ce. Idan kuwa gini ne ya rushe, layukan ƙarshe sanarwa ce kawai cewa an gaza, dole a hau sama a nemo kuskure na farko, domin sauran duk 'ya'yansa ne.

A ƙasar Hausa matakin farko ya fi kowanne cin mutane. Bisa al'ada pip yana jiran amsa na daƙiƙa 15, in shiru ya sake gwadawa har sau 5, sa'an nan ya haƙura. A inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa, babban ƙunshi irin PyTorch mai nauyin ɗaruruwan megabait yana iya katsewa a tsakiya, sai pip ya auna abin da ya iso da hatimin lissafin da rumbu ya bayar, ya ga ba su dace ba, ya fitar da gargaɗi mai ban tsoro kamar an yi wa kayan kutse, alhali guntu ne kawai ya iso. Maganinsa a tsawaita lokacin jira, a kuma sabunta pip, domin a shekarar 2025 an ƙara masa ikon ci gaba da saukewa daga inda ya tsaya. Kuma ba ƙauye kaɗai abin yake shafa ba. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, har Legas da Abuja suka ji a jikinsu.

Akwai kuma wata matsala da ke ɓoye a wannan mataki, wadda ba ruwanta da sabis. Kafin pip ya yarda da rumbu sai ya duba takardar shaidarsa, wadda ke ɗauke da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir mai kama da kwabo da ke riƙe agogo idan an kashe ta. Tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo sau da yawa batirin nan ya mutu, sai agogo ya koma shekarun baya duk lokacin da wuta ta ɗauke. Na'urar da take zaton ana shekarar 2010 za ta ƙi takardar da aka bayar a 2025, ta ce lokacinta bai yi ba. Wasu sukan kashe binciken takardar gaba ɗaya don su wuce, wanda kuwa ganganci ne, domin sun buɗe ƙofa ga duk mai son cusa musu gurɓataccen kaya. Gyara agogo bai fi minti ɗaya ba.

Mataki na biyu rikicin siga ne. Ƙunshin farko ya ce sai tsohuwar sigar wani abu, na biyu ya ce sai sabuwa, na'ura kuwa guda ɗaya take iya riƙewa a wuri guda. An ga haka a fili a watan Yuni na 2024 da aka fitar da NumPy 2.0, inda ƙunsoshi da yawa da aka gina a kan siga ta 1 suka daina tashi. Hanyar kauce wa wannan ita ce a keɓe wa kowane aiki ɗakinsa da abin da ake kira venv, a kuma rubuta lambar sigar kowane ƙunshi a takarda guda. Tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, dukansu na 2023, tsarin ma yakan hana pip zuba kaya a tsakar gidan na'ura, ya tilasta wa mutum buɗe ɗakin.

Mataki na uku shi ne gini. Ƙunshi yakan zo iri biyu: dafaffe, wanda ake kira wheel, ko ɗanye, wato rubutun asali da sai an fassara shi zuwa harshen na'ura. Sau da yawa dafaffe an yi shi ne don wata sigar Python da wani irin tsari, kuma sunansa yana faɗin haka. Idan pip bai sami wanda ya dace ba sai ya ɗauko ɗanye ya nemi tafinta, a nan ne mai Windows yake ganin saƙon da ke neman Microsoft Visual C++ 14.0. Kayan aikin da saƙon yake nufi nauyinsu ya kai gigabait da yawa. Kafin mutum ya ƙona kuɗinsa a kansu, ya kamata ya tambayi dalilin rashin dafaffen. Galibi ko dai ya ɗora sabuwar Python da ba ta daɗe da fitowa ba, masu ƙunshi ba su cim mata ba tukuna, ko kuwa na'urarsa ta tsufa. Windows 7, alal misali, ba ta ɗaukar abin da ya wuce Python 3.8. A hali na farko, ja da baya da siga ɗaya ya fi araha nesa ba kusa ba.

Haruffa masu lanƙwasa

Wani kuskuren gini kuma ya shafi Bahaushe fiye da Bature. Tsohon tsarin ASCII alamomi 128 gare shi, babu ɓ, ɗ ko ƙ a ciki, haka ma tsarin Windows-1252 da kwamfutoci masu Turanci suka gada. Tsarin da ya ɗauke su shi ne UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, inda kowane ɗaya daga cikin haruffan nan yake cin bait biyu. Idan aka rubuta fayil da UTF-8 aka karanta shi da Windows-1252, sai a ɗauki bait biyun a matsayin haruffa biyu dabam. Shi ya sa ƙ take komawa Æ™, abin da duk mai buga Hausa a kwamfuta ya taɓa cin karo da shi.

Abin sha'awa shi ne ba duka haruffan ne suke yin ɓarna iri ɗaya ba. Ƙananan ɓ da ɗ da ƙ, da manyan Ɗ da Ƙ, rikiɗewa kawai suke yi, aiki ya wuce shiru. Amma babban Ɓ, bait ɗinsa na biyu ya faɗa a wani gurbi da Windows-1252 ta bari fanko, don haka Python ba ta da abin da za ta fassara shi da shi, sai ta tsaya da saƙon UnicodeDecodeError. Ke nan ɗalibin da ya rubuta bayanin ƙunshinsa da Hausa yana iya ganin komai ya tafi daidai, har ranar da ya fara wata jimla da kalmar "Ɓangare", daga nan ƙunshin ya ƙi girkuwa a kwamfutar abokinsa, alhali a tasa mai Linux lafiya yake. Matsalar ba ta Hausa kaɗai ba ce. Wata takardar shawara ta masu kula da Python, wadda Inada Naoki ya rubuta, ta nuna cewa a cikin ƙunsoshi 4,000 da aka fi saukewa, 489 suna da haruffan da ba na ASCII ba a takardar bayaninsu, 82 kuma sun ƙi girkuwa daga ɗanye saboda wannan dalili. Gyaran kuwa kalmomi kaɗan ne: duk inda aka buɗe fayil a faɗi ƙarara cewa UTF-8 ne. Wanda ƙunshin ba nasa ba ne yana iya kunna PYTHONUTF8, wanda yake nan tun Python 3.7 ta 2018.

Rumbun gida

Manomin Gobir ba ya jiran damina ta tsaya kafin ya gyara rumbu, kuma dabarar da ta dace da mai tsara manhaja a yankin ke nan. Tun yana Sakkwato ko wani wuri mai sabis, sai ya sa pip ya rubuta jerin duk ƙunsoshin da aikinsa ya dogara da su tare da sigoginsu, sa'an nan ya yi amfani da umarnin pip download ya sauke su duka cikin jaka guda, ya kwafe a filashi. Idan ya isa inda babu layi, sai ya umarci pip da kada ya nemi rumbun duniya, ya ɗebo daga jakar. Ɗalibai goma suna iya cin moriyar saukewa guda, sashen jami'a kuma yana iya ajiye irin wannan rumbu a kwamfuta ɗaya don ɗakin gwaji baki ɗaya.

Sharaɗi biyu ne sai an kiyaye. Na farko, dafaffen ƙunshi ba koyaushe yake ƙaura ba: abin da aka sauke don Linux ba lallai ya zauna a Windows ba, na Python 3.11 kuma ba lallai ya yi a 3.12 ba, don haka a sauke da irin na'urar da za a yi aikin da ita, a haɗa da fayil ɗin girka Python ɗin kanta. Na biyu, a gwada rumbun kafin a kama hanya. A kashe intanet ɗin kwamfutar, a buɗe sabon ɗaki fanko, a girka komai daga jakar, a tayar da aikin. Ɗanyen ƙunshi yakan nemi ƙarin kayan gini irin su setuptools a daidai lokacin girkawa, waɗanda jerin farko bai ambata ba, kuma wannan gwaji ne yake tona su tun mutum yana kusa da sabis.