Waziri Ahmadu Mai Shahada, Gwarzon Kwatarkwashi

Waziri Ahmadu ɗa ne ga Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, kuma ɗan'uwan Sarki Alu Babba, wanda ya naɗa shi Wazirin Kano bayan Yaƙin Basasar Kano. Shi ne ya jagoranci rundunar Kanawa a karonsu na ƙarshe da Turawan Ingila a shekarar 1903.

A farkon shekarar, Sarki Alu ya tafi Sakkwato da manyan hakimai da mafi yawan mayaƙansa domin yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. Suna can Kanar Morland ya taso da sojojin Ingila daga Zariya, ya ci Bebeji a hanya, ya iso ganuwar Kano. Ranar 3 ga Fabrairu aka fasa birnin ta wajen Ƙofar Kabuga. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya rasa ransa yana kare gidan sarki.

Labarin ya riski Kanawa a hanyarsu ta dawowa. A Birnin Goga Sarki Alu ya rabu da rundunar cikin dare, gari ya waye babu shugaba. Nan ra'ayi ya kasu biyu. Wambai Abbas da mutanensa suka ga sulhu ne mafita, suka nufi gida. Waziri Ahmadu kuwa ya ƙi miƙa wuya, alhali ya san birni ya faɗi, sarki ba ya nan, kuma makaman abokan gaba sun fi nasa nesa ba kusa ba.

A ƙarshen Fabrairu, kusa da duwatsun Kwatarkwashi da ke Jihar Zamfara a yau, rundunarsa ta haɗu da 'yan sintirin Laftanar Wallace Wright, waɗanda ba su kai hamsin ba. Sojojin suka ja daga ta kusurwa huɗu, bindigogi na kallon kowane ɓangare. Mahaya dawakin Kano, da takubba da masu, suka yi ta kai sura, ana kora su da ruwan harsashi suna sake dawowa. A nan Waziri ya faɗi tare da manyan jarumansa da dakaru masu yawa, cikinsu har da mutanen karkara da suka bar gonakinsu suka bi hakimansu, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba.

Ingila ta ba Wright lambar yabon soja mafi girma, Victoria Cross, saboda wannan rana. Lugga, shugaban Turawan, ya naɗa Abbas Sarkin Kano, aka kama Alu aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Kanawa kuwa sun yi wa Wazirinsu laƙabi da Mai Shahada, kuma da shi ake kiransa har yau. Allah ya jiƙansa da waɗanda suka kwanta tare da shi.